Katin Kwamfuta a Cikin Hular Baba

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Ogui ta Inugu a zamaninmu ya san mahaifina da jakarsa. Wata baƙar jakar fata ce, zip ɗinta ya mutu tun ina firamare, da igiya yake ɗaure bakinta. Albasa ce sana'arsa ta asali. A Inugu ake sauke masa ita daga Arewa, ya tura wata Anacha, wata Fatakwal, har garuruwan nan uku suka zame masa kamar ɗakunan gida ɗaya. Da girma ya zo sai ƙannena suka karɓi harkar albasar, amma tafiyar ta ƙi sakinsa. Sai ya koma kai wa mutane saƙo.

A wajenmu saƙo ba abin wasa ba ne. Mace ta haihu a Fatakwal, uwarta ta daka yajin jego a Inugu, Baba ne zai kai. Tela ya gama ɗinkin ango a Anacha, Baba ne. Maganin gargajiya, goron ɗaurin aure, tabaran da wani ya manta a masallaci, har jariri da uwarsa an taɓa haɗa shi da su ya raka. Ƙa'idarsa guda ce, hannu da hannu. Ba ya barin saƙo wajen maƙwabci, ba ya ba yaran gida, ko da zai wuni a ƙofar gida yana jiran mai shi ya dawo.

Ni da Yayata, wadda take aure a Fatakwal, mun daɗe da sa shi a gaba kan ya daina. Hanya ba kyau, gwiwa ta fara yi masa gardama, kuma ya fara neman carbinsa alhali yana rataye a hannunsa. Yaya takan bi shi da lalama. Ni kuwa ban iya magana a hankali ba, kowa ya san ni, da na buɗe baki sai ta zama faɗa. Wata rana a shagona, gaban mutane, na ce masa, "Haba Baba! Wai sai ka faɗi a tasha an kira mu tukuna?"

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai dai ka cika surutu. Ranar da saƙon wani ya ɓata a hannuna, ranar zan ajiye jaka, ba sai kun roƙe ni ba. Kafin nan ku ƙyale ni." Waɗanda ke zaune suka yi dariya, suka ce sun shaida. Ni ban yi dariya ba, don na san Baba ba ya faɗar magana a gaban mutane ya janye ta.

Sana'ata gyaran waya da kwamfuta. Shagona ɗan ƙarami ne, tsakanin wani tela da wata mata 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da okpa, irin alalar nan tasu ta gurjiya. A nan 'yar Yaya take wuni duk lokacin da ta zo hutu. A Fatakwal aka haife ta, ubanta mahauci ne a mayankar Trans-Amadi, Hausarta kuwa rabi da rabi ce da Turancin buroka. Ba ta fi shekara goma ba a lokacin, amma tambaya kamar an aiko ta. Kawu, wannan mene ne? Kawu, in na taɓa nan me zai faru? Kafin ka amsa ta riga ta taɓa.

Don in samu lafiya sai na ba ta wata 'yar kwamfuta da nake wasa da ita. In ka gan ta ba za ka ce kwamfuta ba ce, wani ɗan koren allo ne da bai kai tafin hannuna ba, tsirara, babu ko murfi. Na samo robar ajiye sabulu, na huda mata ƙofofi da ƙarfe mai zafi, na saka ta ciki. Talabijin ake jona mata, a sa kibod da maus. Duk abin da ta sani, da duk abin da ka yi a kanta, yana cikin wani katin memori da bai fi farcen ɗan yatsa ba. A ciki akwai manhajar koya wa yara shirya kwamfuta, inda ake jera wasu tubala masu launi, kowane tubali umarni ne: tafi, juya, jira, maimaita. Ka jera su daidai, sai ɗan zanen da ke kan talabijin ya yi abin da ka ce.

Ta tafi da ita Fatakwal, gidan Yaya ya daina zaman lafiya. Ubanta na son kallon ƙwallo, ita tana son talabijin. Yaya ta kira ni ta ce na haɗa mata masifa a gida. Na ce ai gara nata gidan da nawa shagon.

Ana nan, sai wata rana yarinyar ta kira ni da wayar uwarta. Wai a makarantarsu malamin da ke koya musu abin ya koma sabon samfurin manhajar, aikin ƙawayenta ba ya buɗewa a tata. "Kawu, e no dey open. Kowa ya wuce ni." Ta yi ƙoƙarin sabunta ta da kanta da datar wayar uwarta, abu ya kai rabi aka ɗauke wuta. Yanzu kwamfutar tana tashi, amma manhajar ta ƙi buɗewa sam.

"Wa ya aike ki?" na ce mata. "To kada ki ƙara taɓa komai. Zare katin ki aiko min."

"Aikina na ciki fa, Kawu. Tun Sallar bara nake yin sa."

"Kin kwafe shi a wani wuri?"

Ta shiga kame-kame. Na san amsar. Na tambaye ta wane irin aiki ne, ta ce sirri ne, kada ma in buɗe. Na ce to, Allah ya sa Baba yana Fatakwal a satin nan, ki ba shi.

Yaya ce ta ba ni labarin yadda aka yi bayarwar. Tsakanin Baba da jikarsa wasa ne kullum, shi ya ce mata amarya, ita ta ce masa ango mai haƙori uku. Ta naɗe katin a takardar alewa, ta miƙa masa da hannu biyu, ta ce, "Ango, amana ce fa." Ya ce shi da ya taɓa ɗaukar lefe guda daga Inugu zuwa Fatakwal ko allura ba ta ɓata ba, wannan ɗan ƙwayar ne zai gagare shi? Ya cire hularsa ya cusa katin cikin shafinta. A jikin shafin akwai wata 'yar ɓaraka da ya bari da gangan, nan yake ajiye ƙananan abubuwa masu daraja, irin zobe ko 'yan kunnen zinari da mata ke aika wa juna. A cewarsa ana yanke aljihu, ana fizge jaka, amma ɓarawo ba ya tunanin kan tsoho.

Ya bar Fatakwal, ya kwana Anacha kamar yadda ya saba, ya iso shagona bayan la'asar. Muka gaisa, ya sha ruwa. Ya kwance igiyar jaka, ya fara da saƙonnin wasu: yadin tela, ƙullin busasshen kifi na maƙwabciyata mai okpa, da wata matacciyar waya da aka aiko min in gyara. Sannan ya ce, "Saura na amarya," ya cire hula ya sa ɗan yatsa cikin shafi.

Har gobe ina ganin yatsan nan. Ya zagaya shafin, ya dawo, ya sake zagayawa. Ya kifa hular ya kaɗa. Ya zazzage jakar a kan benci, ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙe ya lalube aljihun babbar riga, da na 'yar ciki, da na wando. Tela ya tsayar da kekensa yana kallo. Baba ya koma ya zauna, hular a kan gwiwarsa, kansa a buɗe, furfura fari fat. Tunda nake ban taɓa ganinsa ba hula a bainar jama'a ba sai ranar.

Ni da na yi shekaru ina jiran wannan rana, da ta zo sai na ji na tsane ta. Tausayinsa ya kama ni, har na ji kunyar kallonsa.

"Kira min ita," ya ce. "Ni aka ba, ni zan faɗa mata."

Na kira Yaya, aka ba yarinyar, na buɗe muryar wayar yadda duk za mu ji. Baba bai ce amarya ba. Ya ce, "Jikata, abin da kika ba ni, na duba ban gani ba." Na zaci kuka za ta fashe da shi. Sai ta ce, "Kaka, ka duba jar hularka da kyau. Wadda bakinta ya ɗan zare. A gabana ka sa."

Ni da tela muka kalli gwiwar Baba a tare. Shuɗiyar hula ce a kai, ta sha sitaci, sai ƙyalli take yi.

Ga abin da ya faru. Mutum ɗaya ne tak a duniya Baba ya yarda ya wanke masa hula, wani dattijo da ke bayan Kasuwar Relief a Anacha. Duk wucewar da zai yi, sai ya cire ta kansa ya ba shi, ya karɓi wankakkiyar da ya bari a zuwan baya, ya ɗora, su gaisa ya wuce. Shekara da shekaru haka suke yi, har hannunsa ya saba ba sai ya yi tunani ba. Kuma duk hulunansa akwai wannan 'yar ɓarakar a shafi, shi ya sa yatsansa bai gaya masa komai ba.

Baba ya juya shuɗiyar hular a hannunsa ya ce, "Innalillahi." Can ya ƙara, a hankali, kamar da kansa yake, "Wallahi ban tuna na canza ba."

Ni kuwa hankalina ya tafi wani wuri. Na san yadda ake wankin hula. A jiƙa ta, a goge da sabulu da buroshi, a sa sitaci, a kifa ta kan gwangwani ta bushe. Ruwa bai tsorata ni sosai ba, na sha ganin memori ya faɗa kwata ya tashi. Amma bayan ta bushe akwai bugu, inda ake ɗora ta kan gungumen itace a yi ta dukanta da ƙatuwar sanda har ta yi sheƙi. Sanda ɗaya ta sauka a kan katin nan, aikin yarinya ya zama gari.

"Baba, ba ni lambar mai wankin hular, mu ce kada ya buga."

Baba ya nuna matacciyar wayar da ke kan teburina. Ta mai wankin hular ce. Shi ya aiko min ita in gyara.

Tabɗijam! Na buga tebur har sukurori suka warwatse. Na kira wani mai albasa da muka sani a Relief, ya leƙa ya ce dattijon ya rufe tun ɗazu saboda ruwan sama, ya haye gada zuwa inda yake kwana, ba wanda ya san gidan. Na ce ni zan tafi da sassafe. Baba ya ce ba a ba ni saƙo ba, shi aka ba, in ina so in raka shi.

Muna idar da sallar asuba muka nufi tasha. Rabona da bin hanyar Anacha tare da shi tun ina yaro, lokacin da yakan ɗora ni kan buhunan albasa a bayan babbar mota, in sauka ina wari har kwana biyu. Ruwa ake yi tsit-tsit, motar tana faɗawa ramuka tana fita, ni ina ta tsaki ina duba agogo. Shi kuwa da muka bar gari sai ya fara dawowa daidai. Ya nuna min inda motarsu ta taɓa lalacewa suka yi girki a bakin titi. Ya nuna min wata bishiya da suke sallah a ƙarƙashinta kafin a gina shaguna a wurin. Inda direba ya tsaya shan mai, mata masu talla suka yo kan tagarsa suna kiran "Papa Alhaji," yana amsa musu da gurɓataccen Ibonsa suna ƙyaƙyata dariya. Ya saya min ayaba da gyaɗa ya ɗora min a cinya, ni da gemuna. Na ci kuwa. A zaune a motar nan na gane abin da muke ta ce masa ya ajiye, kuma ban ji daɗin kaina ba.

Da muka sauka muka hau okada, wato acaɓa, zuwa bayan kasuwa. Tun daga bakin lungu na jiyo sautin: tim, tim, tim. Ana bugu. Na tattare riga na ruga cikin taɓo, na iske dattijon zaune ƙarƙashin rumfar kwano, sanda a sama, huluna jere a kan gwangwanaye. Na ce, "Dattijo, tsaya! Don Allah tsaya!" Ya tsaya da sandar a sama yana kallona kamar mahaukaci, don bai san ni ba.

Sai ga Baba ya iso a hankali, yana tsallake ruwa. Ya yi sallama. Aka shiga gaisuwa. An tashi lafiya, ya gajiya, ya iyali, ya kasuwa, ya muka ji da ruwa, ya gwiwar, ya mutanen Inugu. Ni ina tsaye, kamar in shiga tsakaninsu. Sai da aka gama tas, aka shimfiɗa masa buhu ya zauna, sannan ya ce, "Jar nan da na bari jiya, an kai gare ta?"

Dattijon ya miƙa hannu bayansa, kusa da wani kurfoti na gawayi, ya ɗauko ta. An wanke, an sa sitaci, amma da ɗanshi a jikinta. Ya ce, "Ruwan nan ne ya hana ta bushewa. Da rana ta fito jiya, da tuni na buge ta."

Baba ya karɓa. Sitaci ya manne ɓarakar, sai da aka ba shi reza ya tsaga zaren. Ya sa yatsa, ya daɗe, sannan ya zaro wani ɗan curi. Takardar alewar ta narke ta zama kamar kunu, katin yana tsakiya, fari fat da sitaci. Dattijon ya leƙo ya ce, "Wannan ɗan abin ne ya sa ɗanka gudu haka?" Baba ya ce, "Amanar amarya ce."

Na miƙa hannu. Ya dunƙule nasa. Wai a shago aka ce ya kai min, a shago zai ba ni. Haka ya riƙe shi a dunƙule tun daga Anacha har Inugu, ko gyangyaɗi bai yi ba. Sai da na buɗe shago, na shiga na tsaya bayan teburina, sannan ya buɗe tafin hannunsa ya ce, "Ga saƙonka." Shatin katin ya fito a fatar hannunsa.

Na goge shi da auduga da sifirit, na kankare busasshen sitaci daga kan 'yan layukan zinarin da ke bayansa, na bar shi ƙarƙashin fanka. Na sa shi a babbar kwamfutata. Ta ɗan yi jim. Sai ga shi ya bayyana, da komai nasa. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har mai okpa ta leƙo. Abin da na fara yi shi ne kwafe aikin yarinyar, na ajiye a kwamfutata, na ƙara ajiyewa a wani katin daban, na jefa a durowa na kulle.

Sannan na shiga abin da aka aiko shi dominsa. Sabuntawar da ta tsaya a rabi ta dagula komai, gyara zai fi wahala, sai na share katin gaba ɗaya na zuba masa sabon tsari. Na sa shi a wata 'yar kwamfutar irin tata da nake da ita, na jona da talabijin ɗin shago, na haɗa da intanet, na ba ta umarnin ta sauko da sabuwar manhajar yaran. Fararen rubuce-rubuce suka fara gudu a kan baƙin allo. Baba bai tafi gida ba. Ya ja benci ya zauna kusa da ni, jar hular mai ɗanshi a kansa, ba a buge ba, duk ta lanƙwashe.

"Me take karantawa haka da sauri?" ya ce.

Na ce tana faɗa wa wata babbar kwamfuta can nesa abin da take da shi, ana ba ta sabo tana ajiye tsohon.

"Wato tana ba da tsohuwar hula tana karɓar wankakkiya."

"Haka ne," na ce, "sai dai mu mun cire saƙon tukuna."

Maganar na fita na so in kamo ta. Wannan baki nawa! Amma Baba dariya ya yi, har da buga gwiwa, ya ce wannan kam na ci. Dariyar ba ta daɗe ba. Ya koma kallon rubutun da ke gudu har aka gama.

Sabuwar manhajar ta buɗe, launukanta sun fi na da haske, tubalan sun fi girma. Na mayar da aikin yarinyar ciki. Ta ce sirri ne, amma dole in tabbatar yana buɗewa a sabuwar kafin in mayar mata, kuma ni ma gulma na cina. Na danna.

Koren fili ne, da ɗigo uku manya, an rubuta sunan gari a ƙarƙashin kowane: Fatakwal, Anacha, Inugu. Ga wani shuɗin layi a gefe, kogi ke nan, da 'yar gada a kai. A bakin ɗigon Fatakwal wani ɗan mutum ne a tsaye, farar riga, jar hula, baƙar jaka ɗaure da igiya. Ta zana har igiyar. Na danna tutar farawa, ya kama tafiya, yana ɗan ɗingishi a ƙafa ɗaya. Ya isa Anacha, ya juya, ya nufi Inugu. Ya isa Inugu, ya juya, ya nufi Fatakwal. Ya isa, ya sake juyawa.

Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin talabijin. Ya ce, "Wane ne wannan mai ƙafafu kamar tsinken tsire?" Ya ga zagaye ɗaya, ya ga na biyu, yana motsa baki kamar yana lissafa tashoshin da ke tsakani. Tela ya shigo ya tsaya a bayanmu.

Na kira Fatakwal. Da ta ji an samu katin, kuma ya tashi, ta kurma ihun da ya sa na janye wayar daga kunnena. Da ta ji na buɗe, ta ce, "Kawu, you no dey hear word! Ban gama ba fa!" Na ce me ya rage, ai ya yi kyau. Ta ce ɗan mutumin ba ya tsayawa. Ta saka shi cikin tubalin nan na maimaitawa har abada, ta rasa yadda za ta fitar da shi. So take in ya kai saƙo ya koma gida ya zauna ya huta, wasan ya ƙare, a rubuta sannu da zuwa. Malaminsu ya ce a sabuwar manhajar zai nuna musu yadda ake tsayarwa, shi ya sa ta matsu.

Na buɗe baki zan gaya mata tubalin da za ta sa, don abu ne mai sauƙi. Baba ya miƙo hannu ya karɓi wayar.

"Amarya."

"Ango! Ka ga kanka?"

"Na gani. Kin rage min tsawo, kin ƙara min hanci." Ya mai da idonsa kan talabijin. "Ki koyi abin da malaminku zai koya miki, ki tsayar da duk wanda kika ga dama. Amma wannan kada ki tsayar da shi. Ki bar shi ya yi ta tafiya."

Ita ba ta gane ba, ta yi ta gardamar cewa wasa ba ya kyau in ba shi da ƙarshe. Ni na gane. Yana ajiye wayar na ce, "Baba, ai an samu. Bai ɓata ba. Kowa shaida ne, ka kawo min hannu da hannu."

"Yarinya ce ta samo shi," ya ce. "Ni ɓatar da shi na yi."

"Haba Baba, mantuwa ce, kowa na yi! Ni sau nawa nake..."

"Yau kati ne, kuma Allah ya kawo ruwan sama. Gobe maganin wani ne." Ya gyara lanƙwasasshiyar hularsa. "Kai ba kai ne kake ta ihu in daina ba? Yau kuma me ya same ka?"

Ranar na yi faɗa da shi fiye da duk wanda na taɓa yi, ina roƙonsa abin da na yi shekaru ina hana shi. Na ce ya rage tafiyar kawai, na ce in ya so ni zan riƙa raka shi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in ba shi katin amarya, saura mayarwa.

Shi ya mayar mata da kansa, a dunƙule cikin hannu, in ji Yaya. Ya kwana biyu a Fatakwal, ya zagaya mayanka ya gaisa da mahauta. Ya tsaya Anacha ya kwashe hulunansa duka daga wajen dattijon nan. Da ya dawo ya shigo shagona, ya nemi ƙusa a bango, ya rataye jakar. Daga nan benci ne wurin zamansa. Mutane ba su daina kawo saƙo ba na ɗan lokaci, sai ya karɓa ya jinjina nauyinsa a hannu, ya mayar wa mai shi, ya gaya masa direban da zai ba. In aka yi maganar wata mota da za ta tashi zuwa Fatakwal, sai ka ga ya kalli bango.

Baba ya rasu a gida, a kan gadonsa, kamar yadda muka so. Yarinyar yanzu ta shiga jami'a, tana rubuta abubuwan da ni kaina ba na ganewa, in na tambaya sai ta ce, "Kawu, bari kawai." Da za ta tafi makaranta ta aiko min da 'yar kwamfutar a cikin robar sabulunta. Wani yaron kamfanin kai saƙo ne ya kawo a kan babur, bai same ni ba, ya bar ta wajen tela.

Tana nan a ƙarƙashin jakar, jone da tsohon talabijin. In kasuwa ta yi sanyi nakan kunna ta. Akwai wasanni da yawa da ta yi daga baya, masu kiɗa, masu maki, kowane da ƙarshensa. Wancan na ɗan mutum mai jar hula ne kawai ba ta taɓa shi ba. In na danna tuta sai ya ɗauki jakarsa ya bar Fatakwal, yana ɗingishi, ya nufi Anacha. Ba na iya kashe shi a tsakiyar hanya. Nakan jira sai ya iso Inugu.